Ta Tara

Mako goma kacal, suka rubuto,
a zo Wad Madani a koyi rabon ruwa:
yadda ake buɗe ƙofar magudana,
yadda ake hana gonar bakin layi shanye rabon ta ƙarshe.
Ni da na shekara bakwai ina raba faɗan manoma a Kadawa,
na ce wannan karatun da ni ake.

Sai kuɗi.
Layi biyu ne a takardar:
na ɗan ƙasa a sama, da fam,
na baƙo a ƙasa, da dala,
kuma na ƙasan ne mai karya wuya.

Na sayar da babur ran Laraba.
Kafin Asabar dala ta hau,
taya ɗaya ta narke a hannun ɗan canji.
Yaya Barira ta roƙi Lantana musayar kwasar adashi.
Ofis suka ce in je, za a biya ni in kasafi ya fito.
Sa'adatu ba ta ce uffan ba,
ta zare 'yan kunnenta, ta sa mini a aljihu kamar goro.
Har yanzu in na rufe ido
hujin kunnenta nake gani, fayau.

Ɗari tara, na ɗinke a ƙugun wando.
Da su na yi salla a filin jirgi, da su na kwana.

Mai karɓar kuɗi na bayan taga,
fanka na kaɗa masa takardu.
Ya ɗaga kowace ga haske.
Takwas suka wuce.
Ta tara ya turo mini da ɗan yatsa:
ɗigon biro ne a kumatun Baturen da ke jiki,
bai kai ƙwayar gero ba.
Ya ce in kawo wata gobe.
Goben kuwa ake rufe rajista.

Na fita, na zauna a gindin darbejiya
inda wata tsohuwa ke hura gawayin shayi.
Ban san a fili nake ƙirga ba
sai da na ji an ce,
"Yaro, ƙirga ba ta ƙara kuɗi."

Da Hausa.
Wata irin Hausa mai tsohon ƙamshi,
kamar rigar da ta daɗe a adaka.

Inna Kaltume sunanta.
Kakanta ya taso daga Katagum da ƙafa, zai hajji,
guzuri ya ƙare a nan,
ya ce bari ya tsinci auduga kaka ɗaya
ya haɗa kuɗin jirgin ruwa.
"Kaka ɗaya," ta ce, tana zuba citta.
"To ga ni."

Ta kira jikanta mai keken haya,
ta naɗe takardar a gefen mayafi, ta kwance, ta ba shi.
Na bi bayan keken da ido
har ya shige kasuwa da 'yan kunnen matata.
Shayi uku na sha, ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Da la'asar ya dawo da sabuwa fil.
An cire ladan canji, ita ta cika.
Na ce nawa?
Ta ce, "Mako goma kake nan, ai ka sha shayi.
Amma in sun cika, ka tafi."

Hatimi ya sauka a kan rasit, tim,
ƙara ɗaya, kuɗin babur da adashi da zinari.

Yau mako na huɗu.
Na iya auna gudun ruwa da sanda da agogo.
Kullum da yamma ina biyan bashi kofi-kofi,
ita kuma tana tambayata
ko har yanzu akwai kuka a bakin kasuwar Katagum.
Ban taɓa zuwa ba.
Nakan ce akwai.